Zare a kan zare: tarihin ɗinkin gida da kayan zafi a Kaduna

1/ Jama'a, wannan zaren dogo ne, ku samu wuri ku zauna. Maganar kayan zafi ce. Wa yake ɗinka su a da, da wane irin yadi, kuma yaya aka yi garin da masaƙunsa suka taɓa cika kasuwannin ƙasar nan da yadin auduga ya koma sa leda a watan Afrilu.

2/ Ga abin da ya jawo. Ƙaramar Sallar da ta wuce wani tela ya yi min irin halin nasu. Na kai kaya tun kafin azumi, daren Sallah ko yankawa bai yi ba. Dole na sayi doguwar riga 'yar kanti mai sheƙi. Kafin a sauko daga Idi ta manne min a jiki, zufa har cikin takalmi.

3/ Daga nan na wuce gaida kakata a Unguwar Shanu. Na same ta a tsakar gida cikin wata tsohuwar bubu ta atamfa, mafici a hannu, hankalinta kwance. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Kishiya, wannan riga ce ko buhun taki? Je ki ɗauko min almakashi."

4/ Ta ciro wani zane a ƙasan akwati, ta sa aka sauke kwanukan da aka jera a kan kekenta Butterfly, ta ɗiga masa mai. Ko awa ɗaya ba a yi ba ina sanye da bubu. Da ita na yi yawon Sallah. Tun ranar nake bin diddigin tarihin wannan keken. Ga abin da na tattaro.

5/ Abu na farko da ya ba ni mamaki: ɗinki a matsayin sana'a, a ƙasar Hausa ta da, aikin maza ne. Maɗinka maza ne, masu aikin babbar riga irin su aska biyu da aska takwas maza ne, da yawansu malamai da almajirai da ke ɗinki tsakanin karatu da karatu.

6/ Aikin mata shi ne kaɗi. A gurje auduga a raba ta da iri, a shiɓe ta, sannan a ɗauki mazari, a shafa alli a yatsa, a yi ta murzawa. Siririn zare daban, abawa mai kauri daban. Duk rigar da sarki ya sa a lokacin, daga yatsun wata mata a cikin gida ta faro.

7/ Daga hannun mata zare ya wuce wajen masaƙa maza, su saƙa shi siriri, faɗinsa kamar tafin hannu ko ma ƙasa da haka. Mata ma suna da tasu saƙar ta tsaye mai faɗi a cikin gida, inda gwado ke fitowa. Sai marina su rina da baba, masu bugu su buga ya yi sheƙi.

8/ In kuna son jin wannan rayuwar daga bakin mace, akwai littafin Baba of Karo. Wata dattijuwa ce ta ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Kaɗi da saƙa suna cikin abubuwan da matan zamaninta suke samun kuɗin kansu da su.

9/ Kuma wannan harkar ba ƙarama ba ce. Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. Ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, suna zuwa har Timbuktu, Gat, Murzuk da Tarabulus.

10/ Yanzu ku lura da yadda siffar saƙar ta tsara siffar rigar. Tunda yadin siriri ne, kuma kowane taku nasa ya ci kwanakin wani, ba mai yarda a yanke shi a zubar. Sai a jera a haɗa gefe da gefe. Shi ya sa tufafinmu na gargajiya kusan duk murabba'i ne: zane, mayafi, taguwa, babbar riga.

11/ Wannan yankan murabba'in shi ne sirrin kayan zafi. Rigar ba ta kama jiki, iska na shiga ta hannu ta fita ta wuya. 'Yar shara ma gefenta a buɗe yake. Manomi ya sa taguwa da malafa, yaro ya ɗaura bante, mace ta yi ɗaurin ƙirji a cikin gida. Duk auduga.

12/ Wani abin dariya: a shekarar 1851 ɗin da Barth yake ƙirga tufafin Kano, a ita Isaac Singer ya yi rajistar keken ɗinkinsa a Amurka. Ba shi ya fara ƙirƙira ba, Elias Howe ya riga shi a 1846. Abin da kamfanin Singer ya fi kowa iyawa shi ne sayarwa.

13/ Tun 1856 suka fito da tsarin ɗauki keke ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Daga baya suka gina ƙatuwar masana'anta a Clydebank ta Sikotilan, wadda ta riƙa aika kekuna ƙasashen da Ingila ke mulka. Baƙin keken nan mai zanen ruwan zinare da kuke gani gidan tsofaffi, asalin siffarsa daga nan ne.

14/ Su kuma Turawan mulki auduga ta kawo su, cikin wasu abubuwan. A 1902 masu masaƙun Manchester suka kafa British Cotton Growing Association. Lissafinsu mai sauƙi ne: Arewa ta noma auduga, jirgi ya kai Lancashire, a saƙa, a dawo mana da yadi mu saya.

15/ Da farko lissafin bai yi ba. Layin dogo ya isa Kano a 1911, amma manoma suka fi karkata ga gyaɗa don ta fi kuɗi. Audugar da ake da ita kuma, masu kaɗi da masaƙan gida suna saye da farashin da ya fi na Bature. Matan mazari sun ja da Manchester na wani lokaci fa.

16/ A hankali dai abin ya juya. Aka kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da wasu garuruwa, aka shigo da irin auduga na Amurka, kantunan su John Holt da UAC suka cika da akoko da alawayyo masu araha. Kalmar kanti ma daga bakinsu muka ara.

17/ Nan Kaduna ta shigo labarin. Garinmu ba irin Zariya ko Kano ba ne, babu ganuwa, babu tsohuwar unguwar masaƙa ko marina. Lugga ya zaɓi wurin, hedikwatar Arewa ta taso daga Zungeru ta dawo nan a 1917. Sojoji, 'yan sanda, ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna su ne mutanen farko.

18/ Irin waɗannan mutanen kaki suke buƙata, da wando da taguwar ofis masu aljihu da maɓalli, kuma da yawa, kuma da sauri. Allurar hannu ba za ta iya ba. Sai keke. Da keke kalmar tela ta shigo, ta zauna kusa da maɗinki har ta kusa ture shi. Har a nan dai mai keke namiji ne.

19/ Babban sauyi ya zo a zamanin Sardauna. A 1955 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin David Whitehead and Sons na Lancashire. A 1957 Kaduna Textiles Limited, wato KTL, ta fara aiki a Kakuri. Ana lissafa ta a matsayin babbar masaƙar zamani ta farko a Najeriya.

20/ Tunanin a fili yake: maimakon audugar Funtuwa da Gusau ta tafi Ingila ta dawo da tsada, a saƙa ta a nan. KTL da akoko ta fara, farin yadin nan mara rini da talaka ke saye. Sai Nortex ta biyo a 1962, UNTL a 1964, Arewa Textiles a 1965.

21/ Ku duba waɗanda suka zuba jari: KTL da Turawan Ingila, UNTL da rukunin Cha Chi Ming na Hong Kong, Arewa Textiles da kamfanonin Japan. Duniya ce ta taru a Kakuri. Har aka riƙa kiran Kaduna Manchester ta Najeriya.

22/ Masaƙun suna kudancin kogi, amma yawancin abin da suka saƙa ta gada yake tsallakowa zuwa babbar kasuwa, wadda yanzu ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Ma'aikata ma haka. Kakana daga Unguwar Shanu yake taka kekensa kullum da asuba zuwa ɗaya daga cikin masaƙun.

23/ Hajiya ta ce min ƙarshen wata ba ya dawowa hannu rabbana. Wani lokacin yadi, wani lokacin guntayen da suka rage. "Uwarki da ƙannenta ba su san rigar kanti ba sai da suka girma," in ji ta. Da guntayen nan ta koyi ɗinki, da allurar hannu tukuna.

24/ To a nan ne amsar tambayata take. Zaren inji da akoko mai araha sun kashe kasuwar kaɗi. Matar da za ta yi kwanaki tana murza mazari ba za ta iya gasa da injin da ke aiki dare da rana ba. Sana'ar da mata suka riƙe ɗaruruwan shekaru ta zube a cikin ƙarni ɗaya.

25/ Amma buƙatar mace ta samu kuɗin kanta ba tare da ta fita ba tana nan: bikin ƙawa, adashi, kayan ɗakin 'ya. Sai mata suka saki mazari suka kama allura. Ɗinkin hula ya shiga gidaje. A birnin Zariya har aikin babbar riga na hannu, da yake na maza zalla, mata suka karɓa.

26/ Makarantu ma sun taimaka. 'Yan matan da suka yi boko a lokacin an koya musu ɗinki da saƙa a aji, a matsayin darasin kula da gida. Daga baya cibiyoyin mata suka yawaita, musamman bayan shirin Better Life na Maryam Babangida a 1987, kuma keken ɗinki ne kusan farkon abin da ake ajiyewa a cikinsu.

27/ Abin da ya rage shi ne keke mai araha, sai ga Butterfly daga Shanghai. A ƙasar Sin ta shekarun 1970 keken ɗinki yana cikin manyan kayan aure, tare da keken hawa, agogo da rediyo. A nan ma haka ya zama: ko a sa wa amarya a kayan ɗaki, ko ta kwashi adashi ta saya. Na Hajiya adashi ne.

28/ Me ake ɗinkawa? Ba kayan fita kunya ba, waɗannan na tela ne. Kayan yau da kullum ne, waɗanda zafi ke sa a canza sau biyu a yini: shimi, fatari, kamfai da bujen yara, 'yar rigar jariri, wando mai ƙubaka da mazagi, 'yar sharar maigida ta shan iska, bubun zaman gida.

29/ Guntaye kuma ba a zubarwa. Ɗankwali, majanyi, jakar Islamiyya, hular jariri, rigar matashin kai, bakin mafici da aka yi wa kalmasa da atamfa don kar kabar ta warware. Abin da ya gagara komai sai a haɗa shi ƙyalle-ƙyalle ya zama zanen gado ko tsumman goyo.

30/ Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980 hijabi ya fara yaɗuwa a garuruwan Arewa, makarantun Islamiyyar matan aure suka yawaita. Hijabi kuwa yanka ne mai sauƙi, ɗinki miƙaƙƙe. Mata masu keke a gida sun samu kasuwa sosai a nan, cinikin daga gida zuwa gida, yara ne 'yan aike.

31/ A wancan lokacin komai ya haɗu wuri guda. Auduga daga gonakin Arewa, saƙa da bugun atamfa a Kakuri, gwamnati ta hana shigo da yadin waje tun ƙarshen shekarun 1970, albashin dubban ma'aikata yana zagayawa a gari, keke yana ƙara a ɗakuna.

32/ Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, a Kaduna hedikwatarta take, kuma sunanta ya haɗa har da teloli. Adams Oshiomhole a Arewa Textiles ya fara aiki, ya zama babban sakataren ƙungiyar a 1982, kafin shugabancin NLC a 1999 da gwamnan Edo a 2008.

33/ Sai faɗuwa. Ba abu ɗaya ya kawo ta ba. SAP ta 1986 ta karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadaran rini da ake sayowa waje suka yi tsada. Injinan sun tsufa. Wuta ba ta tsayawa, baƙin man da tukwanen masaƙa ke sha ya yi wuya. Noman auduga ya ja baya.

34/ Ga fasa-ƙwauri ta iyakar Nijar da ta Benin. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. A 2005 kuma tsarin ƙayyade cinikin tufafi na duniya ya ƙare, yadin Sin ya malalo ko'ina. Har zanen atamfar gida ake kwafa a buga a waje, a dawo da shi Kantin Kwari da rabin kuɗi.

35/ KTL ta rufe a 2002. Arewa Textiles da wasu suka bi. UNTL, wadda ta fi kowacce girma, ta rufe a 2007. An sake buɗe ta a 2010 da tallafin asusun naira biliyan 100 da gwamnatin tarayya ta ware wa harkar auduga da masaƙu, amma Kakuri ba ta dawo yadda take ba.

36/ Ma'aikatan KTL sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Elisha Renne ta rubuta littafi guda a kan su da matan da suka bari, Death and the Textile Industry in Nigeria. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

37/ Yaya wannan ya shafi keken ɗaki? Ta hanya biyu. Na ɗaya, kuɗi. Rigar yaro 'yar kanti ko ta gwanjo ta koma ta fi yadi da zare araha. Uwa ta yi lissafi ta ga ɗinkin asara ne. Sai aka rufe keke da leshi aka jera masa kwanuka, ya zama teburi.

38/ Na biyu, yadin kansa ya canza. Mai arahar da ya cika kasuwa yawanci polyester ne ko gauraye, wato zaren roba da ake samu daga man fetur. Wani abin haushi, a Lancashire aka ƙirƙiro shi a 1941, Whinfield da Dickson, a ɗakin binciken wani kamfanin buga yadin auduga.

39/ Ga dalilin da ya sa muke soyewa. Zaren auduga yana riƙe danshi kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinsa. Na polyester bai kai kashi 1 ba. Auduga ta tsotse zufa ta sake ta ga iska, jiki ya yi sanyi. Roba ta bar zufar a kan fata, in saƙar ta matse kuma iska ba hanya.

40/ Ku haɗa wannan da Maris da Afrilun Kaduna, lokacin da zafi ke haura digiri 35, ga azumi ya faɗo cikin bazara a 'yan shekarun nan, ga wuta sai a hankali. Sannan mu ɗora ɗinki mai kama jiki, da shafi a ciki, da hijabin roba a sama. Ƙurajen zafi ba su da laifi wallahi.

41/ Kakanninmu ba su san digiri ba, amma sun gwada abu a jikinsu shekara da shekaru: auduga, yanka mai faɗi, launi mai haske da rana. Mu muka gaji atamfar muka bar yankan, daga baya audugar ma ta suɓuce mana ba mu lura ba, tunda zanen furen iri ɗaya ne.

42/ Atamfar ma in an bi asali baƙuwa ce. Kwaikwayon batik na tsibirin Jawa ne da Turawan Holan suka yi da inji, kamfanin Vlisco na Helmond tun 1846 yake. Shaddar Getzner daga Ostiriya take. Abin da yake namu tun fil azal shi ne auduga, saƙi, rini da wannan yanka na murabba'i.

43/ Wani abu ya faru a 2020 da ya nuna keken bai mutu ba. A watan Maris aka rushe Kasuwar Barci ta Tudun Wada don sake gina ta, kasuwar da kowa ya sani da teloli da gwanjo. A watan nan dai aka sa dokar kullen korona, wadda ta wuce wata biyu a jihar nan.

44/ Teloli suka kwashe kekuna zuwa zaure da ɗaki. Ana neman takunkumi ko'ina, sai ga na atamfa a kowane layi. A unguwarmu har matan da suka yi shekaru ba su taɓa keke ba sun sauke kwanuka sun ɗinka. Sallar shekarar yara da yawa ɗinkin gida suka sa.

45/ Kasuwar Barci ma sunanta tarihi ne. Yadda ake ba da labari, lokacin da ake sake gina babbar kasuwa a shekarun 1970 aka mayar da 'yan kasuwa can, ciniki ya yi ƙaranci har suna barci a rumfa. Teloli da 'yan gwanjo ne suka tashe ta daga baya.

46/ Kar a fahimce ni ba daidai ba. Ba cewa nake ɗinkin gida zai tada KTL ba, wannan maganar wuta ce da auduga da iyaka da manufar gwamnati. Ba kuma faɗa nake da teloli ba, ɗinkin biki sai su. Kayan zaman gida da na zafi nake magana, waɗanda ba sa buƙatar gwani.

47/ Ga yadda Hajiya ta yi bubun, ga mai son gwadawa. A auna daga kafaɗa zuwa inda ake so ta tsaya, a ninka biyu, a ƙara ɗan abin kalmasa. A ninke yadin biyu, ninkin shi ne kafaɗa. A sake ninkewa a tsaye don a samu tsakiya, a zana wuya da alli.

48/ A yanke wuyan ƙarami tukuna, in kai bai shiga ba a ƙara. Wanda ya yi yawa ba ya gyaruwa. A ɗinke gefe biyu daga ƙasa zuwa sama, a bar kamar taku ɗaya na hannu. A kalmashe wuya da hannu da ƙasa. Shi ke nan. Ba zif, ba maɓalli, ba shafi.

49/ Turmin atamfa yadi 6 ne, bubu ɗaya ta zaman gida ba ta cinye shi ba, za a samu ɗankwali da rigar yaro a sauran. Samari, 'yar shara ta fi wannan ma sauƙi, don gefen ko ɗinke shi duka ba a yi. Tunda asalin sana'ar taku ce, ba abin kunya a ciki.

50/ Wajen sayen yadi, kar a tsaya ga rantsuwar mai shago. A zare zare ɗaya a bakin yadin a kusanta shi da ashana, a tsanake. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri, da warin leda. A wanke yadin auduga kafin a yanka, yana ɗan tsukewa.

51/ Na san atamfar auduga ta gaske ta yi tsada yanzu. Amma ku buɗe akwatunan iyayenku da izininsu. Tsofaffin zannuwan da aka daina ɗaurawa, da yawansu audugar nan ce, wasu ma bugun Kaduna. Ku duba bakin zanen, sau da yawa sunan masaƙar yana rubuce a wurin.

52/ Ba keke a gida? Allura da zare sun isa rigar yaro ko ɗankwali. Akwai keke amma ya daskare? Yawanci mai yake so, da sabuwar allura, da a share ƙurar da ta taru wajen ƙoshiya. Kekunan nan ƙarfe ne zalla, ba ruwansu da NEPA, masu gyaransu kuma suna nan a kasuwa.

53/ Abin da ya fi damuna shi ne masu ilimin suna tafiya. Matan da suka ga ƙarshen kaɗi da farkon keke su ne kakanninmu, kuma takardun Arewa House da na gidan adana tarihi na ƙasa da ke nan Kaduna sun fi maganar gwamnoni da kamfanoni. Labarin ɗaki yana bakin tsofaffi.

54/ In kuna da kaka a raye, ku kunna rikoda a waya ku tambaye ta: ta taɓa kaɗi? Wa ya koya mata ɗinki? Nawa ta sayi kekenta, a wace shekara, da kuɗin me? Wane yadi ake yayi lokacin aurenta? Ni hirar awa biyu na samu, har da sunayen atamfofin da ban taɓa ji ba.

55/ Zuwa yanzu na ɗinka bubu biyu da kaina. Ta farko wuyan ya karkace. Hajiya ta ɗaga ta ta juya ta ce, "Kishiya, in mijin namu ya gani ki ce yayi ne." Ta biyun ita ce a jikina yanzu da nake rubuta wannan, ba wuta tun safe.

56/ Wane keke ne a gidanku, Singer ko Butterfly ko wani? Yana aiki ko kwanuka ne a kansa? Ku ajiye hotonsa a ƙasa da sunan unguwa. Wanda kuma wani nasa ya yi aiki a masaƙun Kakuri, don Allah ya ba mu labari, ina tattarawa.